Inci da Rigar Hedimasta

Shekara talatin da ɗaya suka yi a ƙofa ɗaya, tela da mai gyaran agogo. Shagon na telan ne, ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin kantin magani da shagon aski. Mai agogo ba shi da shago. Akwatin gilashi ne da shi mai ƙafa huɗu, da kujera, ya raɓa su a jikin bangon telan tun ranar da ya roƙi aron inuwa ta sati biyu kafin ya sami wuri. Bai samu ba, gaskiya kuma bai nema ba.

Telan, Allah ya jiƙansa, kowa Inci yake ce masa, don in ka je karɓar ɗinki bai gama ba, ba ya ce maka ka dawo gobe, sai ya ce saura inci ɗaya. Mai agogo kuma Rediyo ake kiransa. Shi yakan ce don daɗin muryarsa aka sa masa sunan, amma ko shi ya san ba haka ba ne. In ka gaya masa magana da hantsi, to kafin ka isa gida ta riga ka, har ta huta.

Inci gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tef ɗin awo a wuya da fil biyu ko uku a gefen baki. Ɗan mai wanki da guga ne. Yana shekara goma sha biyu kawunsa ya ɗora shi a kan keken ɗinki, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba sai da aka sa masa bulo. Da ya kafa nasa shagon ya zaɓi ɗinkin kayan makaranta, wai don yaro ba ya tsayawa gaban madubi ya ce an rage masa ƙima. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku. Biyun maza suka girma suka kama gabansu, ƙaramar, wadda kowa ke kira Auta, a ƙarƙashin teburin yanka ta tashi, tana wasa da ƙyallaye har ta iya keke ba tare da an koya mata ba. Bai sake aure ba. In an yi masa zancen sai ya ce wace mace ce za ta auri mutum biyu, shi da Rediyo.

Shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa, wata mata doguwa mai saurin magana ta tsaya a ƙofar shagon da jaka a hammata. Ita ce mai kula da suturar wani sabon wasan talabijin na 'yan sakandare, telanta ya yi mata tsiya, tana neman yunifom talatin cikin kwana biyar. Inci ya cire fil daga baki ya tambaye ta awo. Ranar ta biyar ta zo da mota ta kwashe, tun daga nan bai rabu da aikin ba. Antin Kaya suke ce mata a layin.

Wasan kuwa ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Duk Laraba da ƙarfe biyar na yamma layin yakan mutu, mai kantin magani ya ja ƙofarsa, maza su cika shagon aski inda akwai babbar talabijin. Mutane suka ɗauki yaran nan kamar nasu. Akwai Monita, yarinya mai gilashi da ba ta ɗaukar raini. Akwai Dogon Aji, wanda ya maimaita aji har sau biyu gari yana taya shi baƙin ciki. Akwai Hedimasta, dattijo mai sanyin murya da baƙar doguwar riga mai maɓalli tara wadda yake sawa ranar taro, shi ne uban kowa. Akwai kuma Malamar Lissafi, wadda in ta fito mata kan ja tsaki a gidajensu, har ana cewa an taɓa hana ta sayen tumatir a kasuwa.

Inci ba ya bin labarin. In ya leƙa shagon aski, ɗinki yake kallo. Ana kuka don an kori yaro daga makaranta, shi kuma sai ka ji ya ce kwalar nan ta karkace, wa ya goge ta haka. Yakan ce shi ma ɗan wasa ne, duk abin da aka gani daga wuya zuwa idon sawu shi ne, fuskokin kawai aka yi haya. Sunansa na fitowa a jerin sunayen ƙarshen shiri, tsakanin direba da mai dafa shayi, da gudun da Rediyo sai da ya sa madubinsa na gyaran agogo kafin ya tabbatar da shi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, telan nan ya fi kowa a garin sanin abin da zai faru a wasan, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Yara suna girma. Don haka in zai ɗinka wa yaro wando ko siket, yakan bar inci uku a kalmasa, wato ninkin bakin ƙasa, don in yaron ya ƙara tsawo baɗi a sako masa. Antin Kaya ba ta faɗin labari, abin da take faɗi kawai shi ne wannan a bar masa ƙari, wannan a yi daidai jikinsa. Wanda aka ce daidai jikinsa, to ba zai ga baɗi a makarantar ba. In aka kawo awon malami aka ce rigar asibiti, ka san akwai hatsari a gaba. Wata huɗu, wata biyar kafin gari ya ji, Inci ya sani, ya mayar da fil ɗinsa baki ya ci gaba da taka keke.

A shekara ta huɗu Rediyo ya gano zancen kalmasa. Ba a gaya masa ba, kunne ya kasa, shi da kunnensa ba ya hutu. Tun daga ranar ya zama mai yawan neman aron almakashi. Zai shiga, ya tsaya kusa da inda aka rataye kaya, ya ɗan shafa bakin wando da yatsa biyu kamar mai duba kyan yadi. Rannan ya shafa siket ɗin Monita ya ji ba ƙari ko kaɗan.

Mutum ɗaya ya gaya wa, mai aski, shi ma sai da ya sa shi ya rantse. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa za a cire Monita. Wasu suka ce kashe ta za a yi. Aka dinga kiran gidan talabijin ana zagi, 'yan mata suka ce sun daina kallo, har uwar yarinyar ta ainihi ta je ofishin masu wasan tana tambayar laifin da 'yarta ta yi. Ashe ba abin da ya faru. Yarinyar ta kai shekara goma sha tara, ta gama tsawonta, ba ta buƙatar ƙari.

Antin Kaya ta bi sawun maganar har ƙofar shagon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Inci, ta dubi akwatin gilashi inda Rediyo ya dunƙule yana gyaran agogon da ba shi da ciwo, ta ce akwai babban kamfanin ɗinki da ya daɗe yana bin ta, kuma in magana ta sake fita daga ƙofar nan, ƙarya ce ko gaskiya, ranar za ta kwashe kayanta.

Inci bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya tattara ragowar yadi ya haɗa labule mai kala bakwai, ya raba shagon biyu, ya ce wa Rediyo shi da labulen nan su riƙa gaisawa daga nesa. Kwana uku bai ƙara ce masa uffan ba. A na huɗu ya fito ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan gilashi, ya ce a duba masa, kamar yana jinkiri. Lafiyarsa ƙalau, su biyun sun sani. Rediyo ya buɗe shi ya rufe, ya ce an gyara, shi ke nan aka shirya. Labulen dai ya zauna shekara bakwai.

A shekarar ƙarshe Rediyo ya fara lura da wani abu. Inci yakan fito bakin ƙofa da allura, ya ɗaga ta wajen haske, ya yi ta soka zare a iska. Yakan gaishe da mutum sai mutumin ya yi magana sannan ya kira sunansa. Ciwon suga ne da ya daɗe yana lallaɓawa ya sauko masa a ido. Rediyo ya gani, kuma abin mamaki bai gaya wa kowa ba, ba don ya iya ba, sai don shi kansa ba ya son ya ji maganar da kunnensa.

Wata Litinin da safe, bayan Antin Kaya ta sauke kaya ta tafi, murya ta fito daga bayan labule.

"Rediyo, shigo."

"Ina? Ciki?"

"A'a, kan rufi. Shigo ka ja ƙofa."

Ya shiga kamar mai shiga ɗakin surukai. Inci na zaune da takarda a hannu, ya juya ta kai a ƙasa. Ya ce ba ya ganin rubutun, tun watan jiya ba ya gani. Ya ce wannan ne aikin ƙarshen zango, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe. Auta tana wani gari da tsohon ciki, amma an yi wa mijinta canjin wurin aiki, za su dawo bayan ta haihu, kuma ita yake so ta gaji aikin nan. In Antin Kaya ta gane ba ya gani kafin ya miƙa kaya, za ta kai wa kamfani. In magana ta fita, za ta kai wa kamfani. Ko Auta ba ya so ta sani, kar ta taso da cikinta.

"Duk garin nan kai ne mai idon da nake buƙata," in ji shi, "kai ne kuma mai bakin da nake tsoro. Ka ga yadda Allah ya haɗa mini su a fuska ɗaya."

Rediyo ya so ya yi fushi, amma bai ga ta inda zai fara ba. Ya karɓi takardar ya juya ta daidai ya fara karantawa. Rigunan kammala makaranta guda huɗu, daidai jiki, har da Dogon Aji, har da Monita, wadda masu wasan suka yi ta jan karatunta shekara da shekaru, wannan karon da gaske. Sai layi na ƙarshe: baƙar rigar Hedimasta, a rage mata inci bakwai a tsawo, a tsuke kafaɗa, a mayar da ita awon lamba goma sha huɗu. Ya tambayi waye lamba goma sha huɗu. Inci ya ce Malamar Lissafi ce.

Rediyo ya nemi wuri ya zauna, saura kaɗan ya zauna a kan dutsen guga. Hedimasta zai tafi, matar da gari ya tsana za ta hau kujerarsa ta sa rigarsa. Labarin da ya fi kowane labari tun da aka fara wasan, ga shi a hannunsa, shi kaɗai, shagon aski kuma taku goma sha biyu ne daga nan. Ya ji maganar ta taso masa tun daga ciki har maƙogwaro.

"Na ji tana motsi," in ji Inci. "Haɗiye ta."

Sati uku suka yi suna aikin. Da ma wayar hannu ta kashe wa Rediyo kasuwa, in ya canja batir uku a yini ya yi ciniki, don haka ba wanda ya yi kewarsa a bakin akwati. In an tambaya sai a ce keken ne ke ba da matsala yana taya dubawa. Kowace safiya yakan zura zare a allura ashirin ya jera su a jikin matashi, abin da ba ya ɗaukarsa minti goma, shi da ya saba kama sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba. Yakan ja layin alli mai kauri, ya karanta lambar tef, ya tsaya a kafaɗar abokinsa yana cewa hagu kaɗan, tsaya, ci gaba. Sauran aikin hannun Inci ne ke yi, hannun bai makance ba. Yana shafa yadi ya san inda ya ja.

Ranar da za a yanka baƙar rigar, Inci ya shimfiɗa ta a tebur ya daɗe yana shafa ta. Shi ya ɗinka ta da farko, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ce dattijon nan da ke sa ta mutumin kirki ne, duk zuwansa awo sai ya tambayi lafiyar Auta. Sannan ya ce ashe tare za su yi ritaya, sai dai shi Hedimasta za a yi masa kuka a gidaje dubu, shi kuwa in ya samu Rediyo ya yi shiru na minti ɗaya ya gode. Ya sa almakashi.

Maɓallan tara Rediyo ne ya dasa su. Sau uku Inci yana bin su da babban yatsa yana sa shi ya warware, yana cewa wannan ba agogo ba ne da za a ce wa mai shi ai duk haka suke. A karo na huɗu ya shafa daga sama har ƙasa bai ce komai ba, wanda a wurin Inci shi ne yabo.

Antin Kaya ta zo karɓa. Rediyo ya koma bakin akwatinsa ya sunkuya, kunnensa na cikin shago. Ta juya kowace riga ciki da bai, ta ce aiki kamar kullum. Inci ya kawo mata maganar Auta, ya ce shi ya gaji, yarinyar ta fi shi hannu. Ta ce a bari a nuna shirin ƙarshe tukuna. In ya fita lafiya ba wanda ya riga ya ji, yarinyar ta zo ta same ta.

Kwana tara bayan haka Inci bai fito ba. Maƙwabcinsa ne ya same shi da hantsi zaune a bakin gado, ya yi wanka ya sa kaya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, rai ya yi halinsa. Saura sati bakwai a nuna shirin.

Rediyo ya ɗauka ya san wahala sai da ya shiga satin nan bakwai. Tun a wurin zaman gaisuwa mai aski ya matso ya yi masa ta'aziyya da kyau, ya ɗan jira, sannan ya rage murya ya ce ai yanzu da mai shagon ba ya nan, ba laifi in an ɗan ji me aka bari a bayan labule. Rediyo ya ce shi bai ga komai ba, keke kawai ya gyara. Mai aski ya dube shi kamar an ce masa ruwa ya daina jiƙa kaya.

Da ya koma bakin akwati sai ya ɗauki dabara. Duk wanda ya hango yana tahowa da fuskar hira, sai ya jefa ɗan sukuru tsakanin leɓe ya nuna bakinsa da yatsa, alamar aiki. Dabarar ta yi amfani har ranar da atishawa ta kama shi ya haɗiye ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, sirri ya zama biyu.

Laraba ita ce azaba. Gari ya riga ya ji a talla cewa wasu za su bar makarantar a ƙarshen zango, kowa ya zama masani. Mai aski ya kafe cewa Malamar Lissafi za a kora, wai wani ɗan uwan matarsa ya ga takardar da idonsa. Mai kantin magani ya ce a'a, Hedimasta ne zai yi aure. Suka yi ta musu a kansa, ƙarya tana ta yawo a ɗakin ba mai tare ta, shi da ya san gaskiya yana zaune a lungu hannu a haɓa. Da aka juyo aka ce Rediyo me ka gani, ya ce Allah masani. Wani ya ce kai, mutuwar nan ta taɓa bawan Allahn nan.

Wannan maganar ce ta fi yi masa ciwo, don rabinta gaskiya ce, rabi kuma tsoro ne kawai. Abin da ya gano shi ne ba ya iya zancen Inci ko kaɗan. Duk ta inda ya ɗauko labarin kwanakinsa na ƙarshe, taku biyu sai ya kai ga idon, daga idon sai allura ashirin, daga nan sai baƙar riga. Shi da ke iya yin awa guda a kan labarin faɗuwar akuya a rijiya, in aka tambaye shi yaya abokinsa ya yi a ƙarshe, sai ya ce lafiya lau. Ko kuka bai yi ba. Yana tsoron in ya buɗe ƙofa ɗaya duk sauran su buɗe.

Auta ta dawo da jaririnta a sati na uku. Ta zo ta zauna a kujerar masu jira a gefen akwatinsa, ta ce, "Baffa, kai ne kake tare da shi kullum. Bai bar mini wata magana ba?"

Ya duba gilashi, ya duba titi. Ya ce mahaifinta ya ce a gaishe ta.

Ta daɗe tana kallonsa, ta gode, ta gyara goyonta ta tafi. Ranar bai iya cin abincin rana ba. Makullin shagon na hannunsa, sai ya buɗe ya shiga ya ja ƙofa. Akwai mutum-mutumin gwada riga a kusurwa, marar kai, marar kunne. Ya tsaya gabansa ya gaya masa komai da ƙaramar murya, Monita, Dogon Aji, inci bakwai, lamba goma sha huɗu. Ya ji ɗan sauƙi. Daga ranar kullum da tsakar rana sai ya shiga ya ba shi labari, ya zama shi ne abokin hirar da ya fi kowa riƙon amana bayan Inci.

Sau ɗaya ya kusa zubarwa, a gida. Matarsa na tsintar shinkafa tana kallon maimaici, Malamar Lissafi ta fito tana yi wa wani yaro tsawa. Matar ta ja tsaki ta ce wannan ko gadin makaranta ba za a taɓa ba ta ba. Kafin ya ankara bakinsa ya buɗe, ya ɗaga yatsa, har ya ce ai kuwa. Ta juyo. Ya tsaya da yatsa a sama kamar ɗalibin da ya manta amsa, sannan ya tashi ya ce bari ya duba ko ya rufe famfo. Ya yi minti ashirin a tsakar gida yana kallon famfon da yake a rufe.

Larabar ƙarshe shagon aski ya cika har waje. Aka yaye yaran huɗu, Monita ta cire gilashinta ta share ido, maza masu gemu suka yi ta gyaran murya. Hedimasta ya hau dandamali ya ce shi ma yau zai ajiye alli. Ɗakin ya ɗauki salati. Sai ƙofar zauren ta buɗe, Malamar Lissafi ta shigo cikin baƙar riga, daidai kafaɗarta, daidai tsawonta, kamar da ita aka haife ta. Wani ya jefar da hularsa. Mai aski ya tsaya da reza a sama, rabin kan wani a aske.

Rediyo ya saki numfashin da ya riƙe sati bakwai. An nuna, ba wanda ya riga ya ji. Ya jira hayaniya ta ɗan lafa, ya miƙe tsaye ya gyara riga.

"Ni na sani," ya ce. "Tun wata uku. Maɓallan nan ma ni na dasa su da hannuna."

Ɗakin ya fashe da dariya. Mai aski har da riƙe ciki, ya ce da Rediyo ya sani da tun wata uku jariran asibiti ma sun sani. Mai kantin magani ya ce alhamdu lillahi, mutumin ya warke, ƙaryarsa ta dawo. Ya rantse, aka ƙara dariya. Ya ce a ƙirga maɓallan, tara ne, aka ce ai kowa ya ga tara ne. Ya waiga gefen ƙofa inda gajeren mutumin kan tsaya yana kushe kwala, shi ne kaɗai shaidarsa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Yana kan hanya, rana ba ta faɗi ba, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce. Ta ce Antin Kaya ta kira ta yanzun nan, ta ce ta zo Litinin da tef ɗinta, akwai sababbin yara takwas da za a auna. Ta ce ba ta ma san Baba ya yi mata maganar ba. Rediyo ya ce ya yi, ya yi ƙwarai, kuma gobe ta zo shago da wuri, akwai saƙonta mai tsawo, ba gaisuwa kaɗai ya bari ba.

Ya tarar da matarsa ta kashe talabijin ta ajiye masa abinci. Ya zauna ya ce mata shi fa ya sani, amma ba sai ta yarda ba, yau ya sha dariyar da ta ishe shi.

"Na san ka sani," ta ce. "Shekara nawa ina aurenka, Malam? Mutumin da ko yana goge haƙori yana magana ya zo ya yi mini sati bakwai yana gaisawa da famfo. Na bar ka ne don na ga kana ƙoƙari."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin rigar, yadda aka rage ta, yadda aka tsuke kafaɗa. Abin da ya fito ba shi ba ne. Ya ce mata Inci ba ya gani. Ya ce wata biyu yana gane mutane da murya, yana ɗaga allura wajen haske yana soka iska, bai taɓa cewa wayyo ba. Ya kifa fuska a tafin hannu ya yi kukan da ake binsa tun ranar takalmin, kuka mai sauti irin na yara, tsoho da shi, ba kunya.

Ta matso ta janye kwanon gefe don kar hannun rigarsa ya shiga miya. Da ya ɗan lafa ta ce ya faɗa mata tun daga farko. Ya share fuska ya tambaye ta farkon wata uku ko farkon shekara talatin da ɗaya. Ta ce duk wanda ya ga dama, ba inda za ta.